Na'urar da ta kulle ƙofar rumfa: tarihin BVAS daga Ƙiru zuwa Doguwa

Ranar 25 ga Janairun 2020, mutanen Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suka sake hawa layin zaɓe, wata 11 bayan sun ɗauka sun sallami wannan aiki. Kujeru biyu ne ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma a Nuwamban 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen dukansu. A Ƙiru da Bebeji, kotu ta ce an yi goge-goge a takardar sakamako ta ƙarshe. A Doguwa da Tudun Wada kuwa, ta ce takardar ba ta ɗauke da ƙuri'un dukan jam'iyyun da suka shiga takara. Da aka sake zaɓen, Abdulmumin Jibrin Kofa ya sha kaye a hannun Ali Datti Yako, shi kuma Alhassan Ado Doguwa ya koma kujerarsa. A shari'o'in biyu takarda ce ta rushe zaɓe, alhali hukumar INEC ta riga ta shekara huɗu tana kai na'ura rumfunan zaɓe.

Na'urar wancan lokaci ita ce mai karanta katin zaɓe, wadda hukumar ta shigo da ita a 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega. Aikinta biyu ne: ta tabbatar katin na gaske ne, sannan ta gwada zanen yatsan mai katin. Aiki na biyun ne ya riƙa ba ta wahala. Ranar 28 ga Maris na shekarar, a Otuoke, ta ƙi tantance Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan kansa a gaban 'yan jarida. Idan ta yi wa shugaban ƙasa haka, ba sai an faɗi yadda za ta kaya ba da yatsan manomin da fartanya ta cinye. Don haka hukumar ta tanadi wani fom da ake cikewa idan na'ura ta ƙi, a bar mutum ya jefa ƙuri'arsa. Niyyar alheri ce, amma ta zama kafa: duk inda aka so a kauce wa na'ura, sai a ce ta ƙi, a ɗauko fom. A 2016 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar gwamnan Ribas, ta yanke cewa na'urar ba ta cikin dokar zaɓe, saboda haka ba za ta ture rajistar takarda ba.

Daga nan aka koma ga kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan kamar ƙaramin allo. An fara gwada ta ranar 8 ga Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya, inda aka ɗauki hoton takardar sakamakon kowace rumfa aka ɗora a sabon shafin hukumar mai suna IReV, kowa ya gani. Bayan shekara guda aka haɗa wannan aiki da na tantancewa a na'ura ɗaya, aka sa mata suna BVAS, aka fara aiki da ita ranar 11 ga Satumban 2021 a mazaɓar Isoko ta Kudu a jihar Delta.

Wanda ya riƙe ta a hannu zai ga ba wani abin mamaki a jikinta: allo ne da kyamara da wurin ɗora yatsa, tana tafiya a kan Android kamar wayar aljihunsa. Sirrinta yana cikin saiti. Na'urar da aka yi rajistar sababbin masu zaɓe da ita daga Yunin 2021, ita ce ake sake saitawa ta koma mai tantancewa ranar zaɓe. Kowace guda ana loda mata rajistar rumfa ɗaya tak, ba ta san kowa ba sai mutanen wannan rumfa. Idan yatsa ya ƙi, sai ta duba fuska. Idan duka biyun suka ƙi, babu zaɓe, babu kuma fom. Tantancewar ba ta bukatar intanet, domin rajistar tana cikinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore da cikin duwatsun Riruwai. Tura hoton sakamako ne kaɗai ke jiran sabis.

Farkonta bai yi daɗi ba. A zaɓen gwamnan Anambra na 6 ga Nuwamban 2021 ta yi ta tsayawa har aka ƙara lokacin zaɓe, ta kuma sake ba da kunya a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja a Fabrairun 2022. Kafin zaɓukan Ekiti da Osun na wannan shekara an gyara manhajarta, ta yi sauri.

Abin da ya ba ta haƙora shi ne dokar zaɓe da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. A da, ana auna aringizon ƙuri'a da yawan waɗanda suka yi rajista, ta yadda rumfa mai mutum 800 za ta iya kawo ƙuri'a 790 ba wanda ya ce uffan, ko da mutum 200 ne suka fito. Sabuwar doka ta ce a auna da yawan waɗanda aka tantance. Lambar da ke cikin na'ura ta zama shaidar da za a kai gaban alƙali.

To amma wace lamba? Akwai wadda ke cikin na'urar, akwai kuma wadda ta tura zuwa rumbun bayanan hukumar, kuma biyun kan bambanta idan sabis ya yanke kafin ta gama turawa. A kan wannan gaɓa shari'ar Osun ta rataya. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta dogara da rahoton da aka ciro daga rumbun, ta tsige Ademola Adeleke a Janairun 2023. Kotun Ƙoli, ranar 9 ga Mayu, ta ce na'urar kanta ce shaida ta asali, ta bar shi a kujerarsa. Nan wata matsala ta fito fili, wadda ya kamata duk ma'aikatar da ke raba wa ma'aikatanta irin waɗannan na'urori ta yi nazari a kai: sake saita na'ura don sabon aiki yana nufin kwashe abin da ke cikinta. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, 'yan adawa suka nemi a bar na'urorin yadda suke su duba, hukumar kuma tana bukatarsu don zaɓen gwamnoni. Sai ranar 8 ga Maris kotu ta yarda a sake saitin, abin da ya sa aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga wata. Rumfunan ƙasar 176,846 ne, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin na'urorin.

A ranar 25 ga Fabrairun kanta, tantancewa ta tafi daidai a mafi yawan wurare. Turawa ce ta lalace. Hotunan sakamakon 'yan majalisa suna shiga IReV, na shugaban ƙasa suna dawowa. Daga baya hukumar ta ce kuskure ne a saitin rumbunta, wanda aka tsara shi jiha-jiha, bai san inda zai ajiye zaɓen da mazaɓarsa ita ce ƙasa baki ɗaya ba. An yi gwajin tantancewa a rumfuna 436 mako uku kafin zaɓe, amma wannan kuskure bai bayyana ba sai ranar da ba ta da gyara. Ko bayanin ya gamsar ko bai gamsar ba, amanar da aka shekara biyu ana ginawa ta zube a yini ɗaya.

A wannan zaɓe, Abdulmumin Jibrin ya karɓo kujerar Ƙiru da Bebeji a ƙarƙashin NNPP. Doguwa da Tudun Wada ce ta sake rikicewa, kuma rikicin ya ɓarke ne bayan na'urori sun gama aikinsu, a lokacin tattara sakamako. An cinna wa ofishin NNPP wuta a garin Tudun Wada, aka rasa rayuka. An ayyana Alhassan Doguwa, sannan hukumar ta janye sunansa, tana cewa baturen zaɓe ya sanar da sakamakon ne bisa tilas. Ikon yin hakan sabo ne: dokar 2022 ce ta ba ta kwana bakwai ta sake duba irin wannan sanarwa, bayan dambarwar kujerar sanata ta Rochas Okorocha a 2019. An ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu, Doguwa ya sake yin nasara.

Sauran hukuncin kotu ce ta yi shi. Ranar 26 ga Oktoban 2023, a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin kallo ne ga jama'a, ba a tattara sakamako da shi, kuma gazawarsa ba ta soke zaɓe. Takardar da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu a rumfa, wadda ake ɗauka da hannu zuwa mazaɓa, daga can zuwa ƙaramar hukuma, ita doka ta sani a lokacin. Ko rigimar gwamnan Kano, wadda ta kai har 12 ga Janairun 2024, a kan takardun ƙuri'a 165,663 aka yi ta, waɗanda aka ce ba su da hatimi da sa hannu.