Tarihin Jan Ruwa a Ƙasarmu



Kakanninmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji ruwan rijiyar hannu sunka sha, da na Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi in damina ta yi kyau. Bayan mulkin kai, gwamnati ta kafa OFEDES a 1963, anka riƙa gina rijiyoyin siminti. Farin 1973 da na 1984 ya sa anka matsa ga haƙa foraji mai zurfi, musamman daga 1981 zuwa 1990, shekaru goma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ma ruwan sha.

Nan ne wasu garuruwa sunka gamu da jan ruwa. A ɗebo shi garau, kafin azahar ya yi ja cikin randa, ya ɓata tufafi, ya sauya launin tuwo. Dalili shi ne ƙarfe, dangin tamar da maƙeranmu ke narkawa a dā. A ƙarƙashin ƙasa yana narke, ba a ganin shi. In ya sha iska sai ya zama tsatsa. Da ya wuce miligiram 0,3 a lita, baki da ido suna ganewa. Mata da yawa sunka bar famfo, sunka koma tabki inda kurkunu yake. Sai a 2013 anka shaida Nijar ta rabu da kurkunu.

Maganin ba shi da wuya. Cibiyar CREPA ta Wagadugu, wadda anka kafa a 1988, ta yaɗa dabarar kwami kusa da famfo: ruwa ya zubo ya sha iska, ya kwanta, sannan ya ratsa tsakuwa da yashi. Tsatsar da ta lulluɓe tsakuwar ita ce ke kama sauran ƙarfen. Amma sai an riƙa wanke kwamin, in ba haka ba ya toshe.

Mu tuna Tibiri kuma. Forajin 1985 ruwanshi fari tas, amma yana ɗauke da fuluwo mai yawa, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Yashi ba ya cire wannan. Ashe launi ba shi ne ma'aunin ruwa ba.

Don haka, kafin mu tara kuɗin sabuwar rijiya, a fara kai ruwanmu awo. In ƙarfe ne, a gina kwami, a naɗa mai kula da shi, kada a yasar da famfo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.