Jinin yaro a labaran binciken kisa: tarihin wata iyaka

A daren 1 ga Maris 1932 aka sace ɗan Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin sama na Amurka, daga ɗakin kwanansa. Watan yaron 20 a duniya. Iyaye suka biya fansar dala 50,000, amma cikin watan Mayu aka tsinci gawarsa ba nisa da gidan. A 1934 marubuciyar Ingila Agatha Christie ta ɗora littafinta, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Crime de l'Orient-Express, bisa wannan musiba.

A wancan zamani labarin binciken kisa tamkar kacici-kacici ne: a ajiye gawa, a jera waɗanda ake zargi, mai karatu ya yi ta lalube. Gawar babba tana iya zama abin wannan wasa, ta yaro kuwa ta fi ƙarfinsa. Saboda haka Christie ba ta nuna ko ɗigon jinin ƙaramar Daisy Armstrong ba. Yarinyar ta rasu tun kafin labarin ya soma. Abin da aka gani shi ne mutum 12 da suka taru cikin jirgin ƙasa suka halaka makashinta, sannan mai bincike Poirot ya rufa musu asiri. Mai karatu ya rufe littafi zuciyarsa ta yi sanyi, an rama wa yarinya.

Wannan sanyin ne Friedrich Dürrenmatt, ɗan ƙasar Suwizalan, ya ƙi bayarwa a 1958. Da farko ya rubuta labarin ne don fim, inda aka gano makashin ƴan mata a ƙarshe. Hakan bai gamsar da shi ba, sai ya sake shi a littafin La Promesse. Ɗan sanda Matthäi ya yi wa iyayen yarinyar da aka kashe alkawari, har ya mai da wata yarinyar tarko a gidan mai. Makashin ya mutu a hatsarin mota bai iso ba, Matthäi ya tsufa yana jira, hankalinsa ya gushe.

A 2016 Leïla Slimani, haifaffiyar Rabat, ta ci kyautar Goncourt da Chanson douce, wanda ya samo tushe daga kisan yara biyu a hannun mai renonsu a birnin Niyok a 2012. Tun shafin farko mai karatu ya san abin da ya faru da wanda ya aikata. Tambayar da ta rage ita ce yadda amana ta ruɓe tsakanin uwar gida da mai aikinta.

Cikin shekara 82 an raba mai karatu da ramuwa, an kuma raba shi da kacici-kacicin kansa, duk ya haƙura. Abu ɗaya ne marubutan uku ba su taɓa ba: babu wanda ya tsayar da shi gaban yaro a daidai lokacin da ake cire masa rai. Ɗa na kowa ne, shi ya sa mai karatu yakan yarda a ɗora masa baƙin cikin iyaye, amma ba ya yarda a mai da shi ɗan kallo.