Birnin Gazargamu: fadar Borno da ta koma tudun ƙasa a dajin Yobe

1/ Jama'a, zaren yau na Gazargamu ne. In ka tambayi matashi ina ne babban birnin Borno, zai ce Maiduguri. In ya ɗan leƙa littafin tarihi ya ce Kukawa. To ai Maiduguri a 1907 ta zama mazaunin Shehu, Kukawa kuwa a 1814 aka kafa ta. Birnin da ya riƙe sarautar Borno sama da shekara 300 yana can a daji, wajen kilomita 30 gabas da Gaidam a jihar Yobe, ya zama kufai.

2/ Tun farko bari in rage muku ɗoki. Wanda ya je yana sa ran ganin dogayen gine-gine irin na Masar zai dawo yana cewa an yaudare shi. Abin da za ka fara hangowa wani dogon tudu ne ya miƙe a fili, ƙayoyi sun fito a kansa. Sai ka hau ka lura cewa tudun nan lanƙwasa yake yi, hagu da dama, yana zagaye fili kamar zobe. Iska ba ta tara ƙasa haka, mutane ne suka tara ta. Ganuwa ce.

3/ Tsawonta ya kai kilomita 6 da rabi, ƙofofinta 5, a wasu wurare har yanzu tana tashi kusan mita 5 sama, duk da damina sama da 200 da ta zuba a kanta ba mai yi mata yaɓe. Daga wannan gefe zuwa wancan kusan kilomita 2 ne. In ka ce za ka zagaye ta da ƙafa, ka ware awa ɗaya da rabi, ka kuma riƙe ruwa.

Ku tuna babu katafila, babu tifa. Fartanya ce da kwando a ka.

4/ Me ya kai sarakuna nan? Gidan sarautar Saifawa asalinsu a Kanem suke, gabas da tafkin Chadi, birninsu Njimi. A ƙarshen ƙarni na 14 yaƙin Bulala ya tsananta, ga kuma rikicin 'yan gida ɗaya kan gadon sarauta, sai suka tsallako yamma da tafkin. Kusan shekara ɗari suka yi ba su da tsayayyen mazauni, yau nan gobe can. Mai Ali Gaji ne ya kawo ƙarshen wannan yawo wajajen 1470, ya kafa Gazargamu.

5/ Wurin ma ba a banza ya zaɓe shi ba. Birnin yana kusa da inda kogin Komadugu Gana ke haɗuwa da Komadugu Yobe. Ga ruwa, ga kifi, ga fadama, ga kiwon dawaki, kogunan kuma sun zama kariya. Arewa da shi hanyar Sahara ce ta Bilma da Kawar zuwa Fezzan har Tarabulus. Yamma kuwa ƙasar Hausa.

Da suka samu wurin zama, ƙarfi ya dawo. Ɗan Ali Gaji, Mai Idris Katagarmabe, shi ya koma ya ci Bulala ya shiga Njimi. Amma ba su mayar da fada can ba.

6/ Yanzu sauko daga ganuwar ka shiga ciki, kana duban ƙasa. Tsingaro ne birjik. Can wajen tsakiya kuma za ka fara cin karo da gutsattsarin jan bulo, wanda aka gasa da wuta. Nan fadar Mai take.

Wannan bulo shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk wurin. Mu a ƙasar Hausa tubalinmu rana ke busar da shi. Gasa bulo yana cin itace mai yawa, yana buƙatar gwanaye, a yankin da itace ba ya da arha. Shi ya sa ba kowa ke gini da shi ba, sai fada da masallaci da gidajen manya.

7/ Talakawa fa? Gidajensu na ƙasa ne da zana da ciyawa, kuma irin wannan gini in aka bar shi, ƙasa yake komawa. Don haka filin da kake gani fayau, kada ka ce ba kowa a wurin. Nan ne ma mutanen suka fi yawa. Kufai kullum mai kuɗi yake nunawa, shi ya sa masu tona ƙasa ba sa raina tsingaro: tukunyar da ta fashe ita ce shaidar matar da ta yi girki da ita.

8/ Zamanin da aka fi sani shi ne na Mai Idris Alooma, a rabi na biyu na ƙarni na 16, saboda limaminsa Ahmad bn Furtuwa ya rubuta labarin yaƙoƙinsa da Larabci, rubutun kuma ya iso gare mu. Daga cikin ganuwar nan aka aika jakadu zuwa Santambul wajen Sultan Murad III, aka kuma aika wasu Maroko wajen Ahmad al-Mansur a 1582. Yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Ya gina masallatai da bulo. Ya kuma kawo yaƙi ƙasar Kano, limamin ya rubuta wannan ma.

9/ Wani gefen da masu yabo kan tsallake: cikin manyan kayan da ake fitarwa ta hanyar Fezzan har da mutane. Bayi ake kamowa daga yaƙoƙin kudu, a tsallaka Sahara da su, a dawo da dawaki da tufafi da makamai. Ba zai yiwu mu yi alfahari da jakadun Santambul mu kau da kai daga wannan ba, kasuwa ɗaya ce ta ɗauki nauyin duka.

10/ Wani zai ce, ni Bahaushe me ya haɗa ni da birnin Barebari? Duba bakinka. Galadima, Ciroma, Yarima, duk sarautun Borno ne. Galadiman Borno a Nguru yake zaune yana lura da yamma, wato ɓangarenmu. Masana harshe irin su Joseph Greenberg sun nuna cewa kalmomi kamar kasuwa da rubutu ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Karatun allo kuwa, har gobe almajiri cewa yake zai tafi gabas. Kuma lokacin da Mai Ali ɗan Umar ya kori Kwararrafa a ƙarni na 17, Ɗan Marina na Katsina ne ya yi masa waƙar yabo.

11/ Sai 1808. Dakarun jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar suka ci birnin. Mai Ahmad ya fice, ya sauka ya bar wa ɗansa Dunama sarauta. Dunama ya nemi taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi, suka ƙwato birnin, aka kashe Goni Mukhtar. Ba a jima ba Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake cin sa. Daga nan sarauta ba ta ƙara zama daram a Gazargamu ba.

12/ Nan fa ake samun cacar baki a intanet duk lokacin da aka taɓo zancen, kowa ya tsaya bayan kakansa. Abin da na fi so matasa su sani shi ne, su kansu masu yaƙin da alƙalami suka yi muhawara. Al-Kanemi ya rubuta wa Sakkwato yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru a Musulunci. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, ya kuma saka wasiƙun abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri, bai ɓoye su ba. Wanda zai yi musu ya fara karanta su tukuna.

13/ Malamin da aka kira agaji shi ya zama mai ƙasa. Ya kafa Kukawa, a 1846 kuma gidan Saifawa ya ƙare gaba ɗaya, zuriyarsa suka ci gaba da mulki da sunan Shehu.

Baturen Ingila Dixon Denham ya zo wurin a 1823, shekara 15 kacal bayan faɗuwar birnin, ya tarar da shi kango. An gaya masa mutum 200,000 suka taɓa zama a ciki. Ni dai adadin nan da taka tsantsan nake ɗaukarsa, jin sa ya yi, ba ƙirgawa ba. Heinrich Barth ma ya biyo ta nan a 1852.

14/ Ga mai niyyar zuwa. Na farko tsaro: an kai wa garin Gaidam hari a Afrilun 2021, saboda haka ba wurin da za ka ɗauki mota ka tafi don hoto ba ne. Ka tuntuɓi mutanen gari, ka bi ta hannun lawani ko bulama, in sun ce kada a je, to kada a je. Hanyar rairayi ce, ƙaramar mota za ta kafe. Lokacin sanyi ya fi, ciyawa ta bushe, ana ganin ƙasa sosai.

15/ Don Allah kada ka ɗauko bulo ko tsingaro ka ce tsaraba. Masu binciken kufai ba abin kaɗai suke karantawa ba, har da inda aka same shi da zurfin da yake. Da ka ɗaga shi ka sa a aljihu, ya zama dutse kawai. Ruwan sama da kofaton dabbobi suna cin ganuwar a hankali, ba sai mun taya su ba.

16/ In hali ya yi, ka roƙi ɗan rakiyarka ya ƙarasa da kai Gambaru, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, kusa da kogin Yobe. Can ma akwai ragowar wata fada ta jan bulo, wadda labarin baka ke cewa an gina ta ne don Magira Aisa Kili, uwar Idris Alooma.