Bashin mallakar gida a Najeriya: Yadda ake samunsa da yadda ake biya

Mafi yawan masu gidaje a Najeriya sun gina gidajensu ne sannu a hankali. Mutum kan sayi fili, ya kewaye shi, ya zuba harsashi, sannan ya jira kuɗin adashi ko na wata harka kafin ya yi rufi. Aikin kan ɗauki shekaru, kuma kafin a kammala farashin siminti da rodi ya canza sau da yawa.

Akwai wata hanyar, wadda ita ce aka fi bi a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka. Banki ne zai biya kuɗin gidan, mai saye ya tare, sannan ya riƙa biya wata-wata na tsawon shekaru 10 zuwa 30. Gidan kansa shi ne jinginar bashin. Idan aka kasa biya, banki na da ikon sayar da shi domin ya fanshe kuɗinsa.

Jingina dai ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa, domin an daɗe ana jinginar da gona ko wata kadara a karɓi rance. Abin da ya bambanta wannan shi ne tsawon lokacin biya, da yawan takardu, da kuma kuɗin ruwa.

Su wa ke bayar da bashin?

Hanya ta farko ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da wata dokar soja a shekarar 1992. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke kula da asusun. Bankin ya samo asali ne daga wata ƙungiyar lamunin gine-gine da aka kafa a 1956, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da ita banki a 1977.

Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata a zuba a asusun. Ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, wata doka da aka sanya wa hannu a 2023 ta mayar da zubin na ganin dama. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu ma na iya yin rajista su riƙa zubi da kansu.

Wanda ya yi zubi na aƙalla watanni 6 yana iya neman rance, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, kuma wa'adin biya na iya kaiwa shekaru 30. An daɗe iyakar rancen tana Naira miliyan 15, kafin bankin ya sanar da ɗaga ta zuwa miliyan 50. Akasari ana shigar da takardun neman ne ta hannun ƙananan bankunan lamunin gidaje da aka amince da su. Wanda kuma bai taɓa karɓar rance ba, yana da damar neman a mayar masa da abin da ya zuba idan ya yi ritaya.

Hanya ta biyu ita ce bankunan kasuwanci. Su sun fi saurin biya, amma kuɗin ruwansu na bin na kasuwa ne. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, lamarin da ya sa rancen gida daga irin waɗannan bankuna ya fi ƙarfin yawancin masu albashi. Gwamnati ta ƙaddamar da kamfanin NMRC a 2014 domin samar wa bankuna kuɗin da za su iya bayarwa na dogon lokaci, sai dai har yanzu masu cin gajiyar rancen gida 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da yawan jama'ar ƙasar.

Hanya ta uku ita ce bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa.

Nawa bashin zai ci?

Abubuwa uku ne ke tantance abin da mutum zai riƙa biya: yawan kuɗin da ya ranta, da kuɗin ruwa, da tsawon wa'adi.

A ɗauki misalin rancen Naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin 100. Idan wa'adin shekaru 20 ne, za a riƙa biyan kimanin Naira 71,600 duk wata, kuma jimillar abin da za a biya zai haura miliyan 17. Idan aka tsawaita wa'adin zuwa shekaru 30, biyan wata zai sauko zuwa kusan Naira 60,000, amma jimillar za ta haura miliyan 21 da rabi. Sauƙin da aka samu a wata ke nan ana biyan sa da ƙarin sama da Naira miliyan 4.

Idan kuwa wannan rancen a kan kashi 25 cikin 100 aka karɓe shi na shekaru 20, biyan wata zai kai kusan Naira 210,000, jimillar kuma ta haura miliyan 50.

Wani abin da masu karɓar rance da dama ba su cika lura da shi ba shi ne, a shekarun farko mafi yawan abin da ake biya kuɗin ruwa ne. A misalin farko, cikin Naira 71,600 ta watan farko, Naira 50,000 kuɗin ruwa ce, sauran kimanin 21,600 kaɗai ke rage uwar kuɗin. Shi ya sa wanda ya yi shekaru 5 yana biya kan yi mamakin yawan abin da ake bin sa.

Bisa ƙa'idar asusun NHF, biyan wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu ba. Ke nan mai neman miliyan 10 na shekaru 20 na buƙatar samun kimanin Naira 215,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Shekarun mai nema ma na da tasiri, domin ana so a gama biya kafin ya yi ritaya. Mai shekaru 45 ba zai samu wa'adin shekaru 30 ba.

Kafin alƙalami da sauran caje-caje

Ba kasafai banki ke biyan dukkan kuɗin gida ba. Mai saye ne zai fara kawo wani kaso daga aljihunsa a matsayin kafin alƙalami, kuma a bankunan kasuwanci kason kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A asusun NHF kason bai kai haka ba.

A watan Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba ma'aikaci damar ɗibar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa domin biyan wannan kaso, da sharaɗin an yi masa zubi na aƙalla watanni 60. Amfanin hakan a bayyane yake, sai dai abin da aka ɗiba zai rage fanshon da mutum zai samu a tsufansa.

Bayan kafin alƙalami akwai kuɗin lauya, da na masanin da zai ƙiyasta darajar gidan, da la'adar dillali, da harajin hatimi, da kuɗin rajistar jingina, da inshora. Ya kamata mai nema ya buƙaci banki ya rubuta masa jerin waɗannan caje-caje baki ɗaya tun kafin ya sa hannu.

Matsalar takardun fili

A nan ne buƙatun mutane da dama ke maƙalewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi a birni shi ne haƙƙin zama, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O ke tabbatarwa, yawanci na shekaru 99. Dokar ta kuma ce ba za a jinginar da irin wannan fili ba sai da amincewar gwamna, kuma samun amincewar kan ɗauki watanni.

Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato ba su da wannan takarda. Abin da ke hannun masu su shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu, ko kuma takardar rabon gado daga kotu. Waɗannan na da daraja a wurin jama'a, amma banki ba ya karɓar su a matsayin jingina.

Don haka kafin a biya ko kwabo, wajibi ne a sa lauya ya yi bincike a ofishin filaye, kamar AGIS a Abuja, ko KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna. Binciken ne zai nuna sunan mai filin na ainihi, da ko an riga an jinginar da shi a wani wurin. Idan gidan gado ne, sai an tabbatar dukkan magada sun amince da cinikin.

Batun kuɗin ruwa a Musulunci

Ga Musulmi da dama babbar tambayar ita ce ta halasci. Malaman fiƙihu sun halatta jingina, amma ƙarin da ake shardantawa a kan bashi shi ne ribar da Alƙur'ani ya haramta a Suratul Baƙara, wadda ta bambanta da ribar ciniki.

A shekarar 2011, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, aka fitar da ƙa'idojin bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Bankin TAJ ya biyo baya a 2019, sai Lotus a 2021.

Irin waɗannan bankuna na amfani da tsare-tsare uku da aka sani a fiƙihu. A murabaha, banki ne ke sayen gidan, sannan ya sayar wa mai buƙata a kan farashin da aka yanke tun farko, a riƙa biya kashi-kashi, kuma farashin ba ya ƙaruwa. A ijara, banki ke mallakar gidan yana karɓar haya, mallakar ta koma hannun mai haya a ƙarshen wa'adi. A musharaka mai raguwa kuwa, ɓangarorin biyu ne ke haɗa kuɗi. Idan gida na Naira miliyan 20 ne, mai saye ya kawo miliyan 4, banki ya kawo 16, to banki na da kashi 80 cikin 100. Mai saye zai riƙa biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan, har gidan ya zama nasa.

Rashin kuɗin ruwa ba ya nufin arha. Masu suka na cewa abin da ake biya a wata kan yi kusa da na sauran bankuna, su kuwa masu goyon baya na cewa bambancin yana cikin yarjejeniyar, tunda banki ya mallaki gidan kuma ya ɗauki wani ɓangare na kasadar. Kowane banki irin wannan yana da kwamitin malamai masu duba tsare-tsarensa, kuma mai nema na iya tambayar wane tsari aka ɗora yarjejeniyarsa a kai.

Darasi daga Amurka

Muhimmiyar tambayar da za a yi wa kowane banki ita ce, shin abin da ake biya tsayayye ne ko kuwa yana iya canzawa?

A farkon shekarun 2000 bankuna a Amurka sun riƙa bai wa masu ƙaramin ƙarfi rancen gidaje a kan kuɗin ruwa mai sauƙi na shekaru biyu ko uku na farko, wanda ke tashi daga baya. Da farashin gidaje ya fara faɗuwa, biyan wata kuma ya ƙaru, jama'a suka kasa biya, kuma ko sun sayar da gidajen ba za su iya rufe bashin ba. Miliyoyin iyalai sun rasa muhallansu. A watan Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, matsalar ta bazu zuwa sauran ƙasashen duniya.

A Najeriya yarjejeniyoyin bankunan kasuwanci kan ƙunshi sharaɗin da ya ba banki damar sauya kuɗin ruwa idan yanayin kasuwa ya canza. Mai karɓar rance na buƙatar ya lissafa ko zai iya ci gaba da biya idan aka yi ƙarin.

Bayan an tare

Masu ba da shawara kan harkokin kuɗi kan ce a ajiye kuɗin biyan watanni 3 zuwa 6 a gefe, saboda jinkirin albashi ko rashin lafiya ko rasa aiki. Wanda ya samu rarar kuɗi zai iya rage uwar bashin, domin hakan na rage kuɗin ruwan da zai biya nan gaba, amma sai ya fara duba ko yarjejeniyar ta ɗora tara a kan biya kafin lokaci.

Idan biya ya fara gagara, ya fi kyau a je banki tun kafin wasiƙun gargaɗi su fara zuwa. Bankuna kan yarda a tsawaita wa'adi ko a sake tsara biyan, tunda zuwa kotu da gwanjon gida na cin lokaci da kuɗi. Idan har ta kai ga sayarwa, banki zai ɗauki abin da yake bi da kuɗin da ya kashe, ragowar kuma haƙƙin mai gidan ce.

Akwai kuma batun rasuwa. A shari'ar Musulunci ana biyan bashin mamaci ne kafin a raba gado, saboda haka gidan da ke jingine na iya fita daga hannun marayu. Inshorar rai da ake haɗawa da rancen, ko takaful ga masu bin tsarin Musulunci, ita ke biyan ragowar bashin a irin wannan hali. Yana da muhimmanci iyali su san da bashin, su kuma san inda takardunsa suke.

Ranar da aka kammala biya, sai mai gida ya karɓi takardar shaidar sakin jingina tare da ainihin takardun filinsa daga banki, ya kuma kai su ofishin filaye a soke rajistar jinginar. Muddin ba a yi hakan ba, a kundin gwamnati gidan na nan a matsayin jinginanne, kuma hakan zai hana sayar da shi ko sake jinginar da shi nan gaba.