Giwan Ruwa da Dokin da Ba a Taɓa Gani Ba

'Yan'uwana matasa, wani ɗalibi a zumuntarmu ta Birnin Kebbi ya zo mini da damuwa. A makaranta an nuna masa kalmar "yunikon" a tsohon juyin Turanci, wato doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniyoyin Turai. Aka ce masa, "Ga Littafinku, almara ce." Ya rasa amsa.

Na ce masa ya tuna da Argungu. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ake bikin kamun kifi a Matan Fada, kuma babban abin nema shi ne giwan ruwa. In baƙo ya fassara sunan kalma bayan kalma, sai mutanen ƙasarsa su ɗauka giwa mai haure ce ke cikin kogi. Masunci bai yi ƙarya ba. Mai fassara ne bai ga kifin ba.

Haka ya faru da dabbar da Ibraniyanci ke kira re'em (Ayuba 39:9-12, Zabura 92:10). Yahudawan Iskandariya da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci kafin haihuwar Almasihu sun sa "mai ƙaho ɗaya". Juyin Latin ya bi su a wasu wurare, a wasu ya ce karkanda. Juyin Sarki James na 1611 ya gaji kalmar, ya sa ta sau 9.

Amma Maimaitawar Shari'a 33:17 a Ibraniyanci ta yi maganar ƙahoni, ba ƙaho ɗaya ba. Daga baya masana suka karanta rubuce-rubucen Assuriya, suka tarar da rimu, wani ƙaton bijimin jeji da sarakuna ke farauta. Na ƙarshen irinsa ya mutu a Poland a 1627. Shi ya sa juyin zamani ke cewa bijimin jeji. Ku kwatanta shi da ɓauna: wa zai ɗaura mata garma? Tambayar da Allah ya yi wa Ayuba ke nan.

Behemot da Lewiyatan kuwa (Ayuba 40 da 41), tun 1663 masani Samuel Bochart ya ce dorina da kada ne. Wasu na ganin waƙar ta zarce nan, tana nuna duk ƙarfin da ya gagari mutum amma bai gagari Mahalicci ba.

Likita Walter Miller da abokan aikinsa, waɗanda suka ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, su ma sai da suka zaɓi kalma ga kowace dabba. Mu girmama aikinsu, mu kuma gwada juyi da juyi.

Kada tambaya ta firgita ku. Ku kawo ta nazarin Littafi, mu bincika tare kamar mutanen Biriya. Ubangiji ya ba mu fahimi. Amin.