Kainji Zuwa Mambila: Tarihin Wutar Ruwa Da Amanar Da Ke Cikinta

Duk wanda ke zaune a Sabo ya san yadda ɗauke wuta ke cin jarin mai niƙa, da tela, da mai sayar da ƙanƙara. Ya kamata mu san inda wutar nan ta samo asali.

A 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kafa hukumar madatsun kogin Kwara. Aka fara gina Kainji a 1964 da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, aka gama a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ruwa ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa har cikin ƙasar Yawuri. Sama da mutum 40,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu, saboda ƙasa ta samu haske. Wutar da ake samu can ita ce ke biyo manyan wayoyi ta Jebba da Oshogbo ta iso mana nan kudu.

To ga abin lura. An yi wa Kainji gurbin injin 12, amma 8 aka saka, masu ba da megawat 760. Sauran guraben suka yi shekaru da dama a buɗe. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun da ta lantarki, aka haifi NEPA. Jebba ta zo a 1985, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 da megawat 600. Daga nan sai aka yi dogon barci. Injina suka tsufa, ba kuɗin gyara, ba mai bin kadi, wasu suka tsaya cak.

A 2005 aka yi dokar da ta rusa NEPA, ta kafa NERC don sa ido. A 2013 aka ba 'yan kasuwa hayar madatsun: Mainstream ta karɓi Kainji da Jebba, North South Power ta karɓi Shiroro. An farfaɗo da injina, gaskiya ne. Zungeru ma, mai megawat 700, an gina ta da bashin China. Amma Mambila ta jihar Taraba, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050, kwangila ce kan kwangila, har rigimarta ta kai gaban masu sasanci a Faris, aikin kuwa shiru.

Darasin a fili yake. Ba ruwa muka rasa ba, Allah Ya hore mana Kwara da Binuwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne riƙon amana bayan an yanke kyalle. Kowane ɗan kasuwa ya sani, wanda ya ci bashi ya sayi injin ya ƙi zuba masa mai, injin zai mutu, bashin kuma na nan a wuyansa. Bashin madatsun nan mu da 'ya'yanmu ne za mu biya.

Saboda haka idan 'yan siyasa suka shigo unguwa neman ƙuri'a, kada mu tsaya kan taransifoma kaɗai. Mu tambaye su: nawa aka ranto, wa ke duba aikin, injin nawa ke juyawa yau? Mu kuma mu biya kuɗin wutar da muka sha, mu bar satar layi, don haram ce.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.