Sunayen Maraɗi Da Waɗanda Suka Tsare Su

Masu iya magana na cewa suna linzami ne. A ƙasar Katsinar Maraɗi kuwa, suna taska ne na tarihi, domin abin da ruwa ya cinye na gine-gine, sunaye sun riƙe shi har zuwa yau.

Shi kansa sunan Maraɗi asalinsa sarauta ce daga cikin sarautun Katsina. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi ƙaura, daga bisani Ɗan Kasawa ya zauna a bakin gulbi, a ƙasar da mai riƙe da sarautar Maraɗi yake. Garin ya ɗauki sunan sarautar, sarki kuwa ya riƙe nasa, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsina. Haka nan Gobirawa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri, sarkinsu bai bar sunan Sarkin Gobir ba. Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka, wato rukunin masu zaɓen sarki, su ma da sunayensu suka iso daga Katsina.

A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon gari, aka hau da mutane kan tudu. Gidaje sun tafi, amma Limanci da Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Maraɗawa suka hau tudun tare da masu su. Sabon Gari kuma, sunansa kaɗai ya isa shaida cewa an yi tsoho.

Akwai masanan da suka duƙufa kan wannan taska. Landeroin, tafintan ayarin Tilho na 1906 zuwa 1909, ya rubuta jerin sunayen sarakuna daga bakin dattawa. Philippe David ya fitar da nazarinsa kan tsohuwar daula da tsohon garin Maraɗi a 1964. M. G. Smith ya bayyana tsarin sarautu na zamanin Ɗan Baskore a 1967, Yusufu Bala Usman kuma ya fitar da tarihin Katsina a 1981. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya tsinci ilmin nan a ƙasa. Fadawa da maroƙa da makaɗan fada da limamai ne suka ba su, kuma galibinsu sun rasu ba a san da su ba a wajen littattafan.

Yau hatsarin ya fi na ruwa. Rubutun Faransanci ya mai da Jiratawa Djiratawa, ya mai da gulbi goulbi, ya shafe lanƙwasar da ke cikin Maraɗi. Yaro yana zaune a unguwa bai san dalilin sunanta ba, dattawan da suka sani kuwa kullum raguwa suke.

Saboda haka, ya dace fada da manyan gari su sanya lambar yabo ta shekara-shekara ga ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya fi ƙwazo wajen binciken sunayen garuruwa da unguwanni da sarautu. A kuma kira dattijon da ya ba shi labarin, a yafa masa riga a gaban jama'a tun yana da rai.

Allah ya ja zamanin sarki, ya jiƙan magabata, amin.